Mun San Farashin Daji, Ba Mu San Mutanensa Ba

Daga Briketeri zuwa Elig-Essono tafiyar 'yan mintoci ce a tasi. A can ne gidan adana kayan tarihin al'ummomin daji yake, a tsakiyar Yawunde, amma da wuya ka ga Bahaushe a bakin ƙofarsa. Mun je mun gani, mun dawo da kunya.

Mun ga mongulu, bukkar ganye da matan Baka ke ginawa. Mun ga mvet, abin kiɗa mai tsirkiya da ƙorai, wanda mawaƙan Beti da Bulu da Fang ke rera labarin mazan jiya da shi. Mun ga nkul, gangar itace mai kai saƙo daga ƙauye zuwa ƙauye, mai magana kamar kalangunmu. Shekaru nawa muna maƙwabtaka da masu waɗannan kaya, ba mu taɓa tambaya ba?

Kakanninmu sun gangaro kurmin nan tun ƙarshen ƙarni na 19, suna neman goro da hauren giwa. Fatauci ne ya kawo su, kuma ba abin kunya ba ne a zamaninsu. Sai dai mun gaji idon ɗan kasuwa: in an ce daji, farashi muke fara lissafawa. Yau giwar kurmi tana bakin ƙarewa. Ɗankunya, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2016, har yanzu ana farautarsa saboda ɓawonsa. Gandun Dja, da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1987, bai tsira daga mafarauta ba. Mu ma ba za mu wanke hannu ba, muddin ana shimfiɗa fatar damisa da ƙasusuwan namun daji a gaban wasu masu magungunanmu, muna saye.

Wasu dattawanmu za su ce wurin cike yake da gumaka, bai dace da Musulmi ba. Muna girmama tsoronsu, amma kallo daban, bauta daban. Suratul Hujurat ta koya mana cewa an yi mu ƙabilu ne domin mu san juna. Ta yaya za mu san wanda muka ƙi duban ko da bukkarsa?

Kullum kukanmu shi ne, bayan fiye da shekara 100 ana kiranmu baƙi. Kukan yana da gaskiya. To amma baƙo ko da ido makaho ne, kuma mu muka zaɓi zama cikin makantar. Mai son a san shi, shi ke fara sallama.

Saboda haka muna roƙon malaman Islamiyya da shugabannin unguwa su ɗebi yara ranar hutu su kai su. Mu iyaye kuma mu daina sayen sassan dabbar da doka ta kare, ko da an ce maganin me ne. In giwa ta ƙare a kurmin nan, jikokinmu ma da su aka yi asarar.