Kada A Ba 'Yan Jari Bola Tsohon Gem

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in ja hankalin 'yan'uwana mutanen karkara da 'yan tireda.

Kwanan baya na ga sanarwa, wani yana cigiyar tsofaffin akwatunan gem, Sega da Nintendo, da kasakasansu, zai saya. Wallahi na yi da-na-sani, domin bara na ba 'yan jari bola namu a kan kuɗin da bai kai na mudun gero ba.

Jama'a, duk wanda ya biya aka buga masa cigiya ya san darajar abin da yake nema. A 2021 an yi gwanjon kaset na Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56. Amma fa shi ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Namu da ya sha ƙura ba zai je ko kusa ba, sai dai ya fi ƙarfin kilo.

Don haka a goge, a jona a talabijin a gwada, a ji tayin mutum biyu ko uku. Kada kaya su fita sai kuɗi sun shigo hannu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Naku,
Manomi ɗan tireda.