Ƙwayar cutar da ta gagari magani ba ta gagari wuta ba

Ya kai mai karatu, in gidanka yana Babban Giji, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko wani lungu na Tarauni, ka san abin da aka saba yi idan ciki ya ɓaci. Yaro ya kwana yana zawo, da safe a aika kemis a sayo Flagyl biyu da kafso mai ja da rawaya, a ba shi. Bayan kwana biyu zawo ya tsaya, sai a yaba wa magani, alhali mafi yawan irin wannan zawo da kansa yake tsayawa. A ganina, wannan ɗabi'a, haɗe da ruwan da muke sha da abincin da muke saye a bakin titi, ita ce take yi mana kiwon cutar da wata rana za ta same mu babu maganinta a hannu.

Ga yadda abin yake faruwa. Hanjin kowane mutum cike yake da ƙwayoyin bakteriya. Duk lokacin da aka sha antibayotik, masu rauni daga cikinsu ne suke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, kuma irin su E. coli, in sun sami wuri mai daɗi, cikin minti 20 ɗaya take zama biyu. Abin da ya fi muni, sukan miƙa wa junansu wannan dabara ta bijire wa magani, har ga waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba. Daga nan su fita cikin bayan gida, su bi masai zuwa rijiyar da ke kusa da shi, ko su shiga fasasshen bututun da ya ratsa ta kwata. Su zauna a jarkar ɗan garuwa da ta daɗe ba a wanke ba, a ƙanƙarar da aka jefa cikin zoɓo da kunun aya, a jikin latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan Jakara. Kajin gidan gona da ake ɗura wa antibayotik su ma suna kawo nasu kason. Saboda haka jaririn da bai taɓa haɗiyar kafso ba zai iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta fi ƙarfin kafso.

Ruwa ba ya tsami banza. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina asara. A birnin Hyderabad na Pakistan, a 2016, wani nau'in taifot ya ɓulla ta gurɓataccen ruwan sha, ya ƙi jin kusan duk magungunan da aka saba ba shi, kuma yara ya fi kamawa. Babu abin da ya haifar da wannan a can wanda babu shi a unguwanninmu.

Idan ciwo ya kai haka, sai an dangana da asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, a ɗebi jini ko fitsari, a jira kwanaki kafin a san maganin da ƙwayar take ji. Sau da yawa abin da ya rage allura ce mai tsada da kwanciya a gado. Kuɗin da aka yi tattali ranar da aka aika kemis, ga inda ake biyan sa ninki-ba-ninki.

Amma akwai abin da zai kwantar maka da hankali. Ƙwayar da ta gagari Ampiclox da Septrin, tafasasshen ruwa yana kashe ta kamar yadda yake kashe 'yar'uwarta. Ka bar ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, a zuba a randa mai murfi, a ware mata moɗa ɗaya. Ruwan leda, ka duba lambar NAFDAC, ka wanke bakin ledar kafin ka kai baki. Tsire da awara da ƙosai, ka saye su da zafinsu daga kan wuta; ɗanyen kabeji da albasar da ake barbaɗawa a kai su ne abin tsoro. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci.

In zawo ya zo, ruwan gishiri da sukari ne farkon magani, tare da zinc na kwana 10 zuwa 14 ga yaro. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya kasa shan ruwa, ko idanunsa sun faɗa, a garzaya asibiti. Kada gwajin Widal shi kaɗai ya sa ka yanke wa kanka hukuncin taifot. In likita ya rubuta antibayotik, ka sha yadda ya ce, kada ka ajiye saura don ciwon gobe ko ka ba maƙwabci.

Ban ga amfanin ɗora laifi kan mai awara da ɗan garuwa ba, domin da ruwan da suka samu suke sana'a. Haƙƙinmu ne mu matsa wa kansiloli da hukumar ruwa su gyara bututu, duba-gari su dawo bakin aikinsu, a kuma daina sayar da antibayotik kamar alewa. Kafin nan, tukunya da murhu suna hannunka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana zuri'a.