A Ba Ɗan Jarida Burs, Amma A Gwada Hausarsa

Kamarad, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, ana jin ta a layin abinci, ana jin ta a ɗakunan kwana, har daga bakin waɗanda ke ganin sun fi kowa karatu. Wai tun da kuɗin ƙasa ba su isa ba, a fara ba likita da injiniya da mai karatun man fetur burs, ɗalibin aikin jarida ya jira, don shi aikinsa surutu ne, surutu kuwa kyauta Allah ya ba kowa. Ni ba jarida nake karantawa ba, ilimin harshe nake yi, ko dala ba za ta shiga aljihuna ba in an ƙara musu. Amma maganar nan ba ta da kan gado, kuma waɗanda take cuta su ne waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba: iyayenmu na Mirriya, na Dogo, na Gafati, na Hamdara.

Ku je kasuwar Mirriya ranar Lahadi, ku bi rumfa-rumfa daga wajen masu tukwane har wajen masu kayan garka, ku ƙirga mini mutum nawa ke riƙe da jaridar Le Sahel. Labari ta kunne yake shiga garin nan. Rediyo ne a rataye jikin rumfa, ko saƙon murya a WhatsApp, ko abin da aka ji a fada wajen shan shayi. Shi kuwa labarin, daga Yamai yake tasowa da Faransanci: sanarwar taron ministoci, takardar alƙali, bayanin ma'aikatar lafiya. Tsakanin takardar nan da kunnen tsohuwa mai ginin tukwane akwai mutum guda, zaune gaban makirfo, an miƙa mishi takarda saura minti goma a fara labarai, an ce juya ta Hausa. Duk abin da ya fita bakinsa, shi ne gwamnati ta faɗa, shi ne alƙali ya yanke. Wannan mutumin ne ake cewa ba ya buƙatar karatu.

Bari in nuna muku inda gizo ke saƙa, don a nan ne fannina. Ɗan jarida mai rubutu da Faransanci, in bai tabbatar da abu ba, yana da siffar aikatau ta musamman da yake fakewa bayanta. Zai rubuta cewa wane « aurait détourné » kuɗin ƙungiya. Ma'anarsa ana zargi, ba a tabbatar ba. Hausa tana da nata makaman, har ma sun fi kaifi: akwai "wai", akwai "an ce", akwai "ana zargin". To amma wanda ba a koya mishi ba, idonsa na kan babbar kalma, ƙaramar ta wuce shi. Sai ka ji ya ce wane ya ci kuɗin ƙungiya. Shi ke nan. Harafi uku sun faɗi ƙasa, mutum ya zama ɓarawo a gari guda. In daga baya kotu ta wanke shi, wa zai bi rumfuna yana kwashe maganar? Surukansa sun riga sun ji.

Haka zancen kamu. A takardun shari'a, riƙon da ƴan sanda ke yi wa mutum na ɗan lokaci don bincike sunansa daban, tura shi gidan kaso da alƙali ke yi kafin a yi shari'a sunansa daban, ɗauri bayan an yanke hukunci shi ma daban. Matakai uku ne, a biyu na farko doka na kallon mutumin a matsayin marar laifi. A bakin mai fassarar gaggawa duka ukun sukan dunƙule su zama "an kulle shi". Sai kuɗi, wanda ya fi ba ni dariya da haushi lokaci guda. Mu da dala muke ƙirga, dala kuwa faran biyar ce, jika guda dala ɗari biyu. In takarda ta ce tiyar hatsi 750 F, Hausarta dala ɗari da hamsin. Wanda ya karanto "dala ɗari bakwai da hamsin" ya ninka farashin sau biyar a kunnen mai saurare. Na taɓa jin irin wannan a wata tasha da ba zan kama sunanta ba, kuma ban ji an dawo an gyara ba. Ku ce mini wannan surutu ne.

Ga wanda ya ce likita ne gaba, ina da tambaya. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano, nan kusa da mu, saboda jita-jitar cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Sai a 2004 aka ci gaba, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Likitoci suna nan a lokacin, magani yana nan cikin sanyi. Abin da ya ɓaci magana ce, da Hausa ta ɓaci, kuma da Hausa aka gyara ta. Ka horar da likita shekara bakwai ko takwas, sa'an nan ka bar bayanin aikinsa a hannun wanda ba ka kashe wa ko jika guda ba. Ni wannan lissafin ne ban gane ba.

To amma kada ƴan uwana masu karatun jarida su yi saurin tafa mini, don rabin maganata da su nake. In an ce yau a ninka musu burs a bar tsarin yadda yake, Mirriya ba za ta ji a jikinta ba. Ku dubi tsanin da ake hawa. Bak da Faransanci ake cin ta. Makin da hukumar ANAB ke dubawa a dosiye daga wannan bak ɗin ya fito. Babbar makarantar koyon aikin, wadda a da ake kira IFTIC, tana Yamai, kimanin kilomita 900 daga nan. Yaro ya tashi daga Damagaram, ya yi shekara uku yana goge Faransancinsa, ya fito da diflom. Ina zai nufa? In ya yi sa'a, ofishin sadarwa na wata ma'aikata ko wata ƙungiyar agaji, inda akwai albashi da iska mai sanyi. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san inda romo yake. Wanda ya rage gaban makirfo a gida shi ne wanda karatu ya tsaya mishi a hanya, Allah ya ba shi murya da son aikin, yana yin shi kusan kyauta. Wato mai horo ba ya magana da mutanenmu, mai magana da mutanenmu ba shi da horo, kuɗin ƙasa kuwa na bin na farkon.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: "Haba, Hausa kuma sai an koya? Ai da ita aka haife mu." Da ƙafa ma aka haife ka, kamarad, amma ba a sa ka cikin Mena ba. Na roƙi abokai da dama masu lisans su rubuta mini layi biyar da Hausa, abin da na gani ya isa. Ba su bambanta baki da baƙi, fada da faɗa, kofa da ƙofa. Rabin kalmomin da rubutun Faransanci suke fitowa, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c". Su rubuta a haɗe abin da ya kamata a raba, su raba abin da ya kamata a haɗe. (Ko wannan ɗan littafi da ke hannunku, sai da muka yi ta fama da mai buga mana kafin ƙugiyoyin su fito.) Wanda bai iya rubuta labarinsa da harshen da zai karanta shi ba, dole ya riƙa fassara da ka, a tsaye, kuma a nan ne "wai" ke faɗuwa.

Abin haushin, ba yau aka fara aikin nan ba, kuma ba mu ne koma-baya ba. A Zariya tun a 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, da Abubakar Imam a kujerar edita. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. A nan gida, makarantar gwaji ta farko mai koyar da yara da harshen uwa a Damagaram aka buɗe ta, a 1973. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar tana nan a rubuce, gwamnati ta sa mata hannu tun 1999, shekarar da rediyon karkara na farko ya fara magana a Bankilare. Studio Kalangou tun 2016 yana labarai da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Faransanci, ya nuna ana iya yin aikin da tsabta. Sa'an nan a watan Maris na 2025 kundin da aka kafa wa ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Madalla. Mun yi murna, wasu har da guɗa. Amma harshe ba ya zama na ƙasa don an rubuta shi cikin kundi. Sai an ga layinsa cikin kasafin kuɗi, an ga yaron da aka biya wa karatu don ya iya shi. In babu wannan, an naɗa wa Hausa rawani ne an bar ta ba doki.

Kuma da na ce Hausa, ban manta da inda nake zaune ba. Jihar nan akwai Barebari, akwai Fulani, akwai Buzaye, akwai Tubawa. Tsohuwar da ke Gure mai jin Barbarci tana da haƙƙin labari mai "wai" a inda "wai" yake, daidai da tsohuwar Mirriya. Duk abin da nake nema wa Hausa ina nema musu.

Ga abin da nake nema. A ware gurabe na burs don aikin jarida cikin harsunan ƙasa, a kowace jiha, kuma mai neman gurbin ya zauna jarrabawa da harshen da ya zaɓa: a ba shi sanarwar hukuma ya juya ta a rubuce, a ba shi makirfo ya karanta, makin nan ya yi nauyi daidai da na Faransanci. A buɗe ƙofar ga waɗanda suka riga suna aiki a rediyon karkara da tashoshi masu zaman kansu, ko da shekarunsu sun haura na sabon mai bak, don su ne suka fi sanin inda aikin ke ciwo. Sa'an nan burs ɗin ta ɗauki kuɗin sitaj, a yi shi a gida, a tashar ƙasa ta Damagaram ko Anfani ko ƙananan tashoshin ƙauyuka, jami'ar André Salifou ta sa ido. Sitaj ba kuɗi shi ne makarantar farko ta karɓar na goro. Yaro ba shi da kuɗin kabu-kabu, an aike shi ɗauko labarin taro, mai taron ya miƙa ambulan ya ce a sha ruwa. Ranar farko zai ji kunya. Kafin wata uku shi ke tsayawa bakin ƙofa yana jira, kuma kun san bakin da ya ci shi ke godiya.

A nan wani zai ce, to ai burs ɗin gwamnati ma ambulan ce, babba. Wannan ita ce tambaya mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ƙasarmu ta soke ɗaurin ƴan jarida kan laifin rubutu a 2010, tana bikin ranar ƴancin jarida kowace 30 ga Nuwamba, amma kowa ya san iska takan juya. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta na 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Ko kana goyon bayan matakan nan ko ba ka goyon baya, sakamakonsu guda ne ga mai rediyo a rumfa: nauyin ya ƙara komawa kan ɗan jarida na gida. In shi ma an saye shi tun yana ɗalibi, ba sauran kowa. Shi ya sa sharaɗin burs ɗin ya zama a rubuce, a manne a allo kowa ya gani: ka ci jarrabawa, ka yi aiki a jiharka shekara biyu ko uku bayan ka gama. Iyakarsa ke nan. Ba ruwan mai biya da abin da za ka faɗa, don kuɗin ba na minista ba ne, na mai tukwane ne da ta biya haraji a kasuwa. Masu zaɓen ɗalibai kuma su haɗa da malaman harshe da tsofaffin ƴan jarida, a buga sunayen waɗanda suka ci da makinsu.

Saura ku, shugabanninmu na USN. Kowace shekara muna tunawa da 9 ga Fabrairu 1990, da ɗalibai uku da suka faɗi a gadar Kennedy. A cikin wannan shekarar ne jaridar Haské ta fito, ta farko mai zaman kanta a wancan zamani, kafin a kai ga babban taron ƙasa na 1991. Ɗalibai da ƴan jarida tare suka buɗe ƙofar nan. Amma in an zo rubuta takardar koke, zancenmu ba ya wuce a biya bashin burs, a ƙara motoci, a gyara abinci. Duka gaskiya ne, ni ma cikina nake ji. Ina roƙon a ƙara layi guda a takarda mai zuwa, na gurabe don aikin jarida cikin harsunan ƙasa. Kuma takardar kanta a fitar da ita da Hausa tare da ta Faransanci, a kai wa tashoshi a rubuce, kada a bar wani ya juya mana ita saura minti goma. Mu ƴan sashen harshe za mu duba ƙugiyoyin kyauta.