Maganin Ido Ne, Me Ya Kai Shi Yatsu?

 A wannan wata za mu tsaya kan tambayar da wani dattijo mai fataucin albasa a kasuwar Malanville ya aiko mana ta hannun jikansa. Likita ya auna shi ya ce yana da hawan jinin ido, wato abin da suke kira gulokom a asibiti, ya rubuta masa ƙwayar Diamox. Tun da ya fara sha yatsunsa da leɓɓansa suke yi masa kamar tafiyar kiyashi, fitsari ya ƙaru, lemon kwalba ma ya daina yi masa daɗi. Yana tambaya: jabu aka sayar masa, ko maganin ne bai karɓe shi ba, ya bari?

Baba, alamun nan uku an san su da wannan magani, hasali ma sun fi nuna cewa na gaske kuka samu. Kada ku bari sai kun koma wurin likitan. Amma a aji mun lura, yaron da aka ba amsa ba a ba shi dalili ba, gobe ya manta. Don haka bari mu bi ta doguwar hanya.

A jikinmu akwai wasu sinadarai da ake kira anzim, aikinsu gaggauta haɗuwar abubuwan da in an bar su kaɗai sai su yi nawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne anidiraz karbonik. Yana ɗaukar iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya haɗa ta da ruwa, a sami bikarbonat da ɗan tsami. Bikarbonat ɗin nan ba baƙo ba ne, yana cikin kanwar da matanmu ke jefawa a miyar kuka. Ƙwaya ɗaya ta sinadarin takan yi wannan haɗi kusan sau miliyan a daƙiƙa guda. Meldrum da Roughton ne suka fitar da shi daga jinin shanu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka buga bayaninsa a 1933.

To, sanin cewa abu yana cikin jiki daban, sanin ɗakin da yake zaune daban. In ka niƙa ƙoda ka auna, za ka ce akwai shi, amma ka rushe gidan, ba ka san ko a zaure yake ko a ƙurya ba. Ga shi kuma wuraren da masana suka fi so su leƙa su ne shimfiɗun nan marasa kauri da suka lulluɓe cikin tumbi da hanji da bututun ƙoda da cikin ido, kamar yadda yaɓe ke lulluɓe bangon ɗaki. Sunan shimfiɗar efiteliyom, kuma ita ce mai iko da duk ruwan da ke shiga ko fita.

Dabarar da ta warware matsalar ta fito daga hannun Albert Coons na Jami'ar Harbad ta Amurka a 1941, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Jiki yana ƙera wasu 'yan tsaro da ake kira antikor, kowanne baƙo ɗaya tak ya sani, kamar ɗan aiken da aka nuna wa fuskar mutum guda aka ce ya nemo shi ranar kasuwa. Sai a tace sinadarin daga jikin mutum a yi wa zomo allurarsa. Jikin zomo ya ga baƙo, ya ƙera antikor ɗinsa, a ɗebi jinin zomon a ware su. Can gefe kuma an sa tsokar da za a bincika cikin kakin kyandir, an yanka ta falle-falle, kaurin kowane falle kamar a raba milimita ɗaya gida 200. A shimfiɗa fallen a kan gilashi, a zuba masa antikor, a wanke. Inda sinadarin yake sun manne, inda babu shi ruwa ya tafi da su. Saura a gan su. Coons ya ɗaura musu rini mai ƙyalli. A 1966 aka samo hanyar da ke barin launin ƙasa-ƙasa wanda madubin likita na yau da kullum ke nunawa. Wanda ya taɓa ganin marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane abin: zanen duka ya shiga baba, amma launi ya zauna ne inda aka nufa.

Da wannan hanya Samuel Spicer da abokan aikinsa suka bi shimfiɗun jikin ɗan Adam a 1982, wasu masana na Uppsala ta ƙasar Suwidin kuma suka bi ido a 1986. Daga irin waɗannan ayyuka aka san sinadarin yana cikin ƙwayoyin tumbi masu fitar da tsami, da saman babban hanji, da bututun ƙoda, da hanyoyin miyau. A ido yana zaune a wata 'yar shimfiɗa bayan baƙin ido, wadda ke tsattsafo da ruwan da ke cika gaban ido. Yau an san iri 15 na wannan sinadari a jikin mutum.

Yanzu amsar dattijonmu ta fito fili. A hawan jinin ido, magudanar ruwan ce ba ta janyewa yadda ya kamata, matsi ya taru ya riƙa cin jijiyar gani. Diamox, wanda sunansa na asali asetazolamid, yana ɗaure wa sinadarin hannu, rijiyar ta rage tsattsafi, matsi ya sauka. Wani likitan Amurka, Bernard Becker, ya nuna haka a 1954. Sai dai ƙwayar da aka haɗiya ba ta san adireshin ido ba, duk gidan da ta tarar da sinadarin sai ta shiga. A ƙoda sai bikarbonat ya zube cikin fitsari, ya ja ruwa da gishirin fotasiyom, jini ya ɗan yi tsami. A harshe kuwa, a 2009 aka gano cewa wani irinsa ne ke sa mu ji ɗanɗanon gas na lemon kwalba.

Tafiyar kiyashi da sauyin ɗanɗano ba su cika yin illa ba. Abin da muke tsoro shi ne mutum ya ji su ya ajiye magani shiru, don ganin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa, ba kamar yanar ido ba da ake cirewa a ga gari. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ciwon, kuma cikin masu shi waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba. Ba mu ga dalilin da zai sa a ce mu na bakin Kwara mun tsira ba.

Akwai kuma waɗanda ƙwayar ke yi wa haɗari na gaske. Na farko masu amosanin jini, wato sikila, har da mai ɗauke da rabinta, domin tsamin jini da ƙarancin ruwa su ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyinsu. A yankinmu masu rabin nan suna da yawa, galibi ba su ma sani ba. Sai mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, da mai shan asfirin da yawa, da wanda Fansidar ko Bactrim suka taɓa feso masa ƙuraje. Duk wannan a gaya wa likita tun kafin ya ɗauki alƙalami, ko bai tambaya ba. Mai sha kuma ya yawaita ruwa, musamman a zafin Afrilu na garin nan. Batun a ɗauki tsohon kwali a tafi wurin mai tebur a ce a ba ni irin wannan, ko a sammaka wa maƙwabci don shi ma idonsa na ciwo, wannan ganganci ne.

Galibi likitoci na ba da ƙwayar na ɗan lokaci ne, kafin aiki ko kafin maganin ɗigawa ya kama. Tun 1995 akwai dorzolamid a kasuwa, ɗan'uwan Diamox ne amma ɗiga shi ake yi, yana isa shimfiɗar nan ta bayan baƙin ido ba tare da ya dami ƙoda sosai ba. Ya fi tsada, kuma likita ne zai ce ko ya isa. In asibitin yanki na nan ya tura ku gaba, akwai sashen ido a babban asibitin Parakou, da asibitin ido na Saint-André a Tinré kusa da can. Tafiyar ta haura kilomita 300, don haka a riƙe takardar magani da kwalayen duk abin da ake sha, kuma a tafi da 'yan'uwa na jini da suka haura 40 a auna su, domin ciwon yana bin dangi.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.