Dokar makaranta a jihohin Najeriya: me ya shafi iyayen Maraɗi da Damagaram?

Duk wanda ke da ɗa a tsangayar Kano, ko ɗan'uwa da ke zaune da iyalinsa a Katsina ko Sakkwato, ya kamata ya san inda ake yanke maganar karatun yaran nan. Yawancinta ba a Abuja ake yanke ta ba, a majalisar dokokin jiha ne.

Tsarin nasu ya bambanta da namu. A nan Nijar daga Yamai ake tsara dokar ilimi ta ƙasa gaba ɗaya. Ita kuwa Najeriya jihohi 36 gare ta, kowace da majalisarta: ta Kano na da kujeru 40, ta Katsina 34, ta Jigawa 30. Ilimi kuma yana cikin abubuwan da tarayya da jiha duk suke da ikon yi wa doka.

A shekarar 2004 tarayya ta kafa dokar UBE, wadda ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Uban da ya ƙi sa ɗansa, a karon farko a ja masa kunne, a na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan kaso. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don wannan aiki, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi na Abuja. Hukumar UBEC ta sha kokawa cewa jihohi da dama sun bar kuɗinsu a kwance saboda ba su kawo nasu kason ba.

To a nan ne aikin ɗan majalisa yake. Shi ke amincewa da kasafin kuɗin da gwamna ya kawo, shi ke da ikon kiran kwamishinan ilimi ya tambaye shi ina ajin da aka ce an gina, ina albashin malamai. Sai dai mutane da yawa na kallon waɗannan majalisu a matsayin 'yan amshin shata, musamman inda jam'iyyar gwamna ke da rinjaye.

Dubi dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Tarayya ta yi ta, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Katsina ba ta samu ba sai 2020, Kano kuwa sai 2023, bayan shekara ashirin. Jinkirin na da dalili, don malamai sun yi ta muhawara kan shekarun aure. Amma yaron da aka haifa a 2003 ya girma bai ga dokar ba.

Mun kuma ga abin da ya faru a 2020. Gwamnatin Kano ta hana bara a tituna, da korona ta zo aka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su garuruwansu. A Yunin 2024 kuma gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Kowane irin wannan mataki yana iya faɗawa kan yaron Magariya ko Madarunfa da ke can, alhali ubansa ba shi da ƙuri'a a Kano, ba shi da ɗan majalisar da zai kai wa kuka.

Don haka kafin ka damƙa yaro ga malam ya tsallaka iyaka, tambayi abin da dokar jihar ta ce kan bara, ka tambayi wa zai ciyar da shi, ka yi masa takardar haihuwa ya tafi da ita. 'Yan'uwanmu da ke zaune can kuma, ku riƙa bin zaman majalisa lokacin kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, ku sanar da na gida abin da aka yanke.