Ƙarancin iyode ga masu juna biyu: abin da ɗigon jini zai iya nunawa

Shekara da shekaru, idan ana son sanin ko al'umma na samun isasshen sinadarin iyode, makarantun firamare ake zuwa a auna fitsarin yara. Wani bincike da aka gudanar a karkarar jihar Damagaram, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna raunin wannan hanya. Matsakaicin awon yaran ya ɗan haura mikrogaram 100 a lita, wato daidai bakin abin da hukumar lafiya ta duniya OMS ke ɗauka a matsayin wadata. Na mata masu ciki kuwa bai wuce 69 ba, alhali ana son ya kai 150. Gari ɗaya, tukunya ɗaya, gishiri ɗaya, amma yaro ya tsallake, uwa na cikin rashi.

Babba na buƙatar mikrogaram 150 a rana, mai ciki 250. A watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara ne da sinadarin da ƙululun wuyan uwa ke samarwa, shi kuma ba ya samuwa sai da iyode. Maƙoƙo kowa na ganinsa. Abin da ba a gani shi ne yaron da zai shiga aji da ƙarancin fahimta, a ce masa daƙiƙi, alhali tun yana ciki aka yi asarar.

Nan ne gwajin jini ke da amfani. Fitsari yana nuna abin da mace ta ci ne a kwanakin nan kawai, yau ya hau gobe ya sauka. A cikin jini kuwa ana auna wani furotin mai suna tiroglobulin, wanda ke ƙaruwa idan ƙululun ya jima yana aiki cikin rashi. Ana iya tsira yatsa, a ɗiga jinin kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika shi ɗakin gwaji. Ga ƙasar da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Gwaji na biyu na jarirai ne: a tsira diddige a auna TSH. Ƙa'idar OMS ita ce, idan jariran da awonsu ya haura 5 sun wuce kashi 3 cikin ɗari, akwai ƙarancin iyode a yankin. Idan sun kai kashi 40, lamarin ya yi tsanani.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. TSH yana tashi sosai da zarar an haifi jariri, don haka dole a jira kwana uku zuwa huɗu kafin a ɗibi jinin. A gidajen haihuwarmu, mace da ta sauka lafiya ba ta kai wannan lokaci a kwance, wasu ma ranar ake sallamarsu, ban da masu haihuwa a gida. Wace mai jego ce za ta hau amalanke da jinjirin da ba a yi wa suna ba, don a tsira masa diddige? Bugu da ƙari, maganin wanke rauni irin Bétadine, idan an shafa wa uwa ko cibiyar jariri, yana iya ɗaga awon ya rikita sakamakon.

A ganina, wurin da ya fi dacewa a fara shi ne awon ciki a cibiyoyin CSI, inda mata ke zuwa da ƙafarsu, kuma tuni ake tsira musu yatsa don wasu gwaje-gwaje. Ba kowace mace za a auna ba. Zaɓaɓɓun cibiyoyi a kowace jiha sun isa su nuna wa ma'aikatar kiwon lafiya inda matsalar ta fi kamari.

Amma gwaji ba ya zuba iyode a miya. Tun shekarun 1990 Nijar ta wajabta sanya shi a gishirin ci, kuma ana son gishirin da ke cikin gida ya ƙunshi aƙalla miligaram 15 a kowane kilo. Ga gishirin gargajiya na Bilma da Fogha da ke yawo ba tare da shi ba, ga na waje da ake zazzagewa daga buhu a baje shi a rana a kasuwa, inda zafi da laima ke rage masa ƙarfi. Duk sakamakon da jinin matan Maradi ko Tahoua zai bayar, a teburin jami'an duwan da masu sa ido kan kasuwanni ya kamata ya fara sauka.