Duniyar Zane: Ɗaliban Samaru da Suka Ƙi Kwaikwayo

Wanda ya taɓa shiga shagon littattafai a Sabon Gari zai lura da hotunan Yesu a kalanda: farar fata, dogon gashi, tamkar Bature. Masu zane na Turai ne suka saba siffanta shi da kamanninsu, 'yan mishan kuma suka zo mana da hotunan. Musulmi dai ba sa zana annabawa, don haka ba za a ga hoton Annabi Isa (AS) a masallaci ba. A majami'u da dama kuwa, musamman na Katolika, zane hanya ce ta koyarwa.

A shekarar 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin da ke Samaru, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Yawancin malamansu Turawa ne, darussan ma irin na Ingila. Ɗaliban suka ce za su koyi dabarar Bature, amma su gauraya ta da fasahar iyayensu. Wannan ya sa aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya.

Bayan sun bar makaranta aka ga amfanin wannan ra'ayi. Wani limamin Katolika, Fada Kevin Carroll, ya nemi Onobrakpeya ya zana Hanyar Gicciye, wato matakai 14 na wahalar Yesu bisa imanin Kirista, a majami'ar St Paul da ke Ebute Metta a Legas. Onobrakpeya ya mai da Yesu baƙar fata, ya sa wa mutanen da ke tare da shi suturar gida, sojojin Rum kuma ya ba su kayan jami'an mulkin mallaka. Duk ɗan Nijeriyar da ya kalla ya san irin zaluncin da ake nufi, don bai daɗe da ganinsa ba. A 2024 an baje kolin ayyukansa a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington a Amurka. Shi ma Nwoko ya tsara ɗakin ibadar Dominican a Ibadan da salon ginin gargajiya.

Ba da wasa suka taɓa abin ibadar mutane ba. Sai da suka san labarin sosai. Abin da ya shafi addini, naka ko na maƙwabcinka, yana bukatar ilmi da ladabi.

Aikin wannan mako: ku dubi adon bangon fadar Zazzau, ko aska takwas a wuyan babbar riga, ko zayyanar allo. Ku zana unguwarku da irin waɗannan layuka, ku nuna wa malamin zane.

Sai mako mai zuwa.